Yana Ciki Amma Ba a Samunsa: Haɗarin Ajiye Abu Mai Canzawa a Teburin Hash, da Yadda Ya Shafi Manhajojin da Ake Rubutawa a Jos

Tsakure

Teburin hash na cikin kayan aikin da mai rubuta manhaja ba ya wuni bai taɓa ba, ko ya lura ko bai lura ba. Wannan takarda ta duba abin da ke faruwa idan aka ajiye abu a irin wannan tebur, daga baya aka canza sifar da aka yi lissafin gurbinsa da ita. Abin yana nan a ciki, nema ba ya kai wa gare shi, kuma manhajar ba ta nuna alamar komai. An bi diddigin matsalar a Java da Python, an waiwayi yadda wasu harsuna suka yi mata tanadi, sannan aka auna ta da irin bayanan da ake tarawa a Filato: suna, lambar waya, adireshi, ƙaramar hukuma. Matsayin takardar shi ne tushen kuskuren yana wajen kasa rarrabe abin da ke tabbatar da ko wane ne mutum da abin da ke siffanta shi a yau kawai.

Gabatarwa

A watan Janairu na 1953 Hans Peter Luhn, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, ya rubuta wata takardar cikin gida inda ya kawo shawarar a riƙa lissafa wurin ajiyar bayani daga bayanin kansa, maimakon a bi jeri ɗaya bayan ɗaya ana nema. Wannan dabara ce ta zama HashMap da HashSet da suka shigo Java a 1998, ita ce dict a Python, ita ce Dictionary a C#. Sauri ne amfaninta: ko bayanai ɗari ne ko miliyan, nema kusan taki ɗaya ne.

Matasan da ke fitowa daga Jami'ar Jos, da Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Barkin Ladi, da waɗanda suka koya a cibiyoyi irin su nHub, mafi yawan aikin da ke zuwa hannunsu rajista ce. Rajistar ɗalibai, katin marasa lafiya, littafin ƙungiyar manoman dankalin Turawa, lissafin 'yan kasuwar kayan gwari irin na Farin Gada. Duk bayanan mutane ne, kuma bayanan mutane ba sa zama wuri ɗaya. Shi ya sa matsalar da a littafin koyarwa ake ba ta layi biyu ta cancanci a tsaya mata a nan.

Daga gurbi na 15 zuwa gurbi na 5

HashMap da aka buɗe sabuwa tana farawa da gurbi 16. Idan aka miƙa mata mabuɗi, sai ta kira hashCode ɗinsa ta sami lamba, ta gauraya rabin lambar na sama da na ƙasa, ta raba da yawan gurabe, ragowar ita ce lambar gurbin. A gurbin tana ajiye mabuɗin, da ƙimar da aka haɗa shi da ita, da kuma lambar hash ɗin kamar yadda take a ranar ajiya. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya kamata a riƙe.

Mu ɗauka an rubuta ajin Manomi mai sifa biyu, suna da gari. Don sauƙin lissafi, hashCode yana dawo da lambar hash ta gari kawai, equals kuma yana kwatanta suna da gari duka. Wannan bai saɓa wa ƙa'idar Java ba. Java na lissafa hash ɗin rubutu ta ninka abin da ya gabata sau 31 tana ƙara lambar harafi na gaba. Kalmar "Jos" tana da haruffa masu lamba 74 da 111 da 115, don haka: 74 sau 961, a ƙara 111 sau 31, a ƙara 115, ya ba da 74670. Bayan gaurayawa ya koma 74671, idan aka raba da 16 ragowar 15. Manomin ya zauna a gurbi na 15.

Sai ya koma Vom da zama, sakataren ƙungiya ya gyara garinsa a manhaja. Hash ɗin "Vom" 86196 ne, ya koma 86197, ragowarsa 5. Yanzu duk wanda ya tambayi tebur ko wannan manomi yana ciki, za a leƙa gurbi na 5, a tarar ba kowa, a ce babu shi. Teburin bai san an yi gyara ba, domin babu wata hanya da abin da ke ciki zai sanar da shi. Kamar ɗakin katin asibiti ne da ake jera kati bisa harafin farko na suna: wani ya zaro kati ya goge sunan ya rubuta sabo, ya mayar da shi inda ya ɗauko. Katin bai fita daga ɗakin ba, amma mai nema da sabon suna zai je wata kanta dabam.

Mai karatu zai ce to a nema da tsohon bayani mana. A gina sabon Manomi mai suna ɗaya, gari Jos, a tambaya da shi. Za a je gurbi na 15, lambar hash da aka ajiye za ta yi daidai, sai a kira equals, shi kuma ya tarar wanda ke ciki garinsa Vom ne. Babu daidaito. Ƙofa biyu ke nan duk a rufe. Ko faɗaɗa tebur ba ya gyara komai: idan abubuwa suka haura 12, wato kashi 75 cikin ɗari na 16, HashMap tana ninka gurabe zuwa 32, amma da tsohuwar lambar da ta ajiye take sake rabon. Manomin zai ci gaba da zama a 15, ana nemansa a 21.

Abin da ke biyo baya

Da a ce manhaja na faɗuwa a wannan lokaci, da an huta. Ba ta faɗuwa. Idan aka ce a jero duk mambobi, manomin zai fito, domin jerowa tana bin gurabe ne ɗaya ɗaya ba tare da lissafi ba. Idan aka tambayi yawansu, yana cikin ƙidaya. Idan aka ce a cire shi, umarnin zai dawo shiru bai cire komai ba. Sakatare yana kallon sunan a allo, akwatin nema na ce masa babu. Abin da kowane mai hankali zai yi shi ne ya sake shigar da shi, kuma tebur zai karɓa. Ga HashSet, wanda dalilin samuwarsa shi ne hana maimaici, yana ɗauke da mutum ɗaya sau biyu.

Inda abin ya fi muni shi ne idan teburin HashMap ne, wato taswira mai haɗa manomi da kuɗi, misali bashin taki da ya rage a kansa. Tsohuwar shigarwa a gurbi na 15 tana ɗauke da tsohon adadi, sabuwa a gurbi na 5 tana karɓar duk biyan da yake yi. Ranar da aka kwafi taswirar zuwa wata sabuwa, ko aka adana ta a faifai aka sake ɗorawa, Java tana sake lissafa hash ɗin kowane mabuɗi, sai biyun su haɗu a zama ɗaya. Wanne adadi zai rayu? Ana bin gurabe daga 0 zuwa sama, don haka na gurbi na 5 ake fara rubutawa, na 15 ya zo ya danne shi. Tsohon bashi ya dawo, biyan da mutumin ya yi ya ɓace, kuma maimaicin da zai zama shaida shi ma ya ɓace. Wanda aka kira ya binciki matsalar washegari zai tarar da tebur lafiya lau, sai ya ɗora laifin a kan sakatare.

A sabar da ke aiki wata da watanni ba a kashe ta ba, akwai wata illa ta daban. Abubuwan da aka kasa cirewa suna taruwa, mai share ƙwaƙwalwa na Java ba zai taɓa su ba tunda tebur na riƙe da su, har ƙwaƙwalwar ta cika.

Python tana da nata salon. A CPython ƙaramin dict yana da gurbi 8, kuma idan nema ya faɗa kan gurbi, ana fara duba ko abin da ke ciki shi ne ainihin abin da aka miƙo kafin a kwatanta lambar hash. Saboda haka idan sabuwar lamba ta faɗa gurbin tsohuwa bisa sa'a, za a same shi. Ga kuma wani ƙari: tun daga Python 3.3 a 2012, hash ɗin rubutu yana canzawa duk lokacin da aka tayar da manhaja, matakin tsaro da aka ɗauka bayan an nuna a taron Chaos Communication Congress na Disamba 2011 a Balin cewa ana iya durƙusar da sabar ta aika mata mabuɗai masu karo da juna. Sakamakon haɗuwar waɗannan biyu shi ne dict mai abu ɗaya zai sami mabuɗin da aka canza kusan sau ɗaya cikin 8, sauran lokuta ya ce babu. Ɗalibi zai iya gwadawa a gaban malami ya yi aiki, ya koma ɗaki ya ƙi. Kuskuren da ke zuwa yau ya ƙi zuwa gobe ya fi wanda ke zuwa kullum cin lokaci nesa ba kusa ba.

Me ke zama daram a bayanan mutumin Filato?

Misalan littattafan da muke koyarwa da su kan ɗauki suna da adireshi kamar abubuwan da ba sa motsi. A nan suna motsi, kuma fiye da yadda ɗan shekara ashirin da ke rubuta manhajarsa ta farko yake zato.

A fara da jiha, wadda kowa zai rantse ba ta canzawa. Wanda aka haifa a Lafiya a 1970 an haife shi ne a jihar Binuwai-Filato da aka ƙirƙira a 1967. A 1976 ya zama ɗan Filato. Ranar 1 ga Oktoba 1996 ya zama ɗan Nasarawa, bai taɓa barin gidan ubansa ba. Ƙaramar hukumar Jos kanta an raba ta Arewa da Kudu a 1991, aka fitar da Jos ta Gabas a 1996. Adireshi kuwa, rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun sa iyalai da yawa sun tashi daga wata unguwa zuwa wata, kuma gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairu 2002 ta mayar da lambar shagon dubban 'yan kasuwa lambar da ba ta nuna ko'ina.

Lambar waya ita ce ta fi ruɗar masu rubuta manhaja, domin tana kama da lambar shaida: gajera ce, kowa ya haddace tasa, ba mutum biyu da ke riƙe da ɗaya a lokaci guda. Amma waya na ɓata, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na sayar wa wani, kuma bayan umarnin haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, na Disamba 2020 an toshe layuka masu yawa, masu su suka sayi sababbi. Lambar da ke nuna wata mai sayar da tumatir bana tana iya nuna wani direba baɗi. Hatta lambar asusun banki ta taɓa canzawa gaba ɗaya, lokacin da tsarin NUBAN mai lamba 10 ya maye gurbin tsofaffin lambobi a 2011.

Sai suna. Mace ta yi aure ta canza na biyu. Muhammad a takardar firamare, Mohammed a katin banki, Muhammed a NIN, kuma tun da JAMB ta wajabta NIN a 2021 ɗalibai ke ta gyaran haruffa don takardunsu su dace. Ko gyaran da kowane malamin Hausa zai yaba, wato mayar da Danjuma ya zama Ɗanjuma, yana sauya harafi mai lamba 68 da mai lamba 394, hash ɗin ya tashi zuwa wani gurbi. Manhajar da ba ta jure gyaran suna ba za ta yi shekara a ofishi a Jos ba tare da ta ɓatar da wani ba.

Lambar da ba ta iso ba tukuna

Wanda ya fahimci duk wannan zai ce a bar suna da waya, a yi amfani da lambar da rumbun bayanai ke bai wa kowace shigarwa. Shawara ce mai kyau, amma tana da rami. Rumbun yana ba da lambar ne bayan an adana. Kafin nan wurinta fanko ne. Idan aka gina abu, aka sa shi a HashSet, sannan aka adana shi, lambar ta tashi daga fanko zuwa 4071 misali, hash ya canza, abin ya ɓace a cikin HashSet ɗin da aka sa shi da hannu minti ɗaya da ya wuce. Masu aiki da Hibernate a Java sun daɗe da sanin wannan. Masu Django a Python sun zaɓi su toshe hanyar: abin da bai sami lambarsa ba tukuna, idan aka nemi hash ɗinsa sai a jefo kuskure nan take.

Wannan ya fi shafarmu saboda yanayin sadarwa. Ma'aikacin da ya tafi ƙauyukan Mangu ko Riyom yin rajista ba zai dogara da intanet ba. Manhajar wayarsa tana tara mutane a ciki, sai ya dawo inda akwai sabis ta aika wa sabar, sabar ta dawo da lambobi. Tazarar da a ofis ba ta kai ƙiftawar ido ba, a nan wuni guda ce, kuma a cikinta an riga an zuba mutanen a taswirori iri iri. Ga Kotlin, wanda Google ta fifita don manhajojin Android tun 2019, yana sauƙaƙa faɗawa ramin: data class yana rubuta equals da hashCode da kansa daga duk sifofin da ke babban maginin ajin, har da waɗanda aka ayyana da var. Haka @Data na Lombok yake yi a Java, yana haɗa hanyoyin canza sifa da hashCode da ya dogara da sifofin, cikin kalma ɗaya.

Yadda harsuna suka yi tanadi

Babu harshen da ya rasa sanin matsalar, bambancin yana wajen wanda aka ɗora wa nauyi. Takardun Java sun yi gargaɗi cewa ba a fayyace abin da taswira za ta yi ba idan mabuɗi ya canza yana ciki, suka bar sauran ga mai rubutu. C# ma haka. Python ta hana list da set da dict zama mabuɗi, ta ba da tuple da frozenset, kuma ajin da ya rubuta __eq__ bai rubuta __hash__ ba ta cire masa ikon zama mabuɗi. Misalin da aka kawo a sama sai wanda ya rubuta __hash__ da hannunsa yake samu. Go tana kwafe mabuɗin ne, ta kuma hana slice. C++ ta sa mabuɗan unordered_map ba sa taɓuwa, a 2017 ta ƙara extract don a ciro, a gyara, a mayar. Ruby tana kwafe mabuɗin rubutu ta daskarar da shi, ga sauran kuma ta tanadi rehash. Rust ce ta fi tsanani, mai duba aronta ba ya barin a canza mabuɗi ta hanyar da aka saba. Map na JavaScript bai damu da abin da ke cikin abu ba, ainihin abin yake bi, don haka wannan matsala ba ta same shi ba, sai kishiyarta: kwafi biyu masu bayani ɗaya mabuɗai biyu ne a wurinsa.

Record da ya tabbata a Java 16 a 2021 ya taimaka, amma kada a ba shi amanar da ta wuce ƙarfinsa. Sifofinsa ba sa sauyawa, sai dai idan ɗaya daga ciki jeri ne, ana iya ƙara wa jerin abu, hash ɗin record ɗin ya bi shi. Sai an kwafe jerin da List.copyOf tun a wurin gini. A taƙaice kuma, TreeMap ba mafaka ba ce, ita ma da sifar mabuɗi take jera abubuwa.

Gyara, da inda gyaran ya tsaya

A ganina tsarin koyarwarmu ne ke haifar da rabin wannan. A darasin tsarin bayanai ɗalibi yana zuba lambobi a tebur ya nemo su, lambobi kuwa ba sa canzawa. A darasin gina aji ana koya masa kowace sifa ta sami getter da setter, har ya zama ɗabi'a. Darussan biyu ba sa haɗuwa sai a wurin aiki, a kan kuɗin wani. Aikin gida ɗaya ya isa ya haɗa su: a ba ɗalibi rajista mai aiki, a ce ya canza lambar wayar mamba ɗaya, ya nemo shi, ya bayyana abin da ya gani da lissafin gurabe kamar yadda aka yi da Jos da Vom. Wannan gwajin, wato sa, canza, nema, ya kamata ya shiga jerin gwaje-gwajen kowane aji da ya rubuta hashCode nasa.

Ga manhajar da aka riga aka rubuta, gyaran gaggawa shi ne a cire abu daga tebur kafin a canza shi, a mayar bayan an gama. Yana aiki, amma yana buƙatar kowa ya tuna a kowane wuri, kuma abu ɗaya kan zauna a taswira uku. Wasu masu aiki da Hibernate suna sa hashCode ya dawo da lamba ɗaya tak ga duk 'yan ajin. Ba abin da zai ɓace, sai dai kowa ya taru a gurbi guda, saurin da aka zo nema ya tafi. Ga jerin 'ya'yan gida ɗaya ba laifi, ga rajistar mutum dubu hamsin ba zai yiwu ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne mabuɗin taswira ya zama ƙaramin abu daskararre da aka haifa tare da shigarwar, mutumin da duk sifofinsa su zauna a ɓangaren ƙima inda za a gyara su yadda aka ga dama. UUID, lamba mai bit 128 da waya za ta iya ƙirƙira da kanta ba tare da ta tambayi sabar ba, ya dace da aikin ƙauye: ana ba da shi a daƙiƙar da aka buɗe fom, ba ya jiran intanet, ba ya ɗauke da ma'anar da za ta tsufa.

Me ya hana a ɗauki NIN kai tsaye, tunda lamba 11 ce da ba ta canzawa? Ba kowa ke da ita ba, musamman yara da tsofaffi a karkara, kuma wanda ya zo ba shi da ita ya samu daga baya ya maimaita mana matsalar fanko. Ana kuma yin kuskure wajen shigar da ita, gyaran kuskuren canji ne. Sannan mabuɗi yana yawo ko'ina, a rahoton kurakurai, a adireshin shafi, a fayilolin da ake turawa, alhali Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanai nauyin kiyaye su.

UUID yana da abin da ba ya warwarewa. Idan ma'aikata biyu suka yi wa mace ɗaya rajista, ɗaya a kasuwar Mangu ɗaya a gidanta, za ta sami lamba biyu, kuma babu teburin hash da zai gane ita ce. Gano hakan aikin sabar ne bayan an haɗa bayanai, ta kwatanta NIN inda akwai, da suna da shekaru da unguwa inda babu, ta miƙa waɗanda ake shakka a kansu ga mutum ya duba. Idan aka tabbatar, ɗaya lambar ta zama mai nuni zuwa ɗayar, kada a goge ta, domin wayar da ba ta dawo cikin sabis ba tukuna tana nan tana aiki da ita.